Raina Na Son Yawo, Jikina Na Son Ɗaki

Assalamu alaikum Anti,

Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali. Ni budurwa ce mai shekara 27, ina zaune da iyayena a Zariya. Abin da ke damuna na rasa wanda zan faɗa wa ya fahimta, don ni kaina ban fahimci kaina ba.

Ni mutum ce mai son sabon abu. Lokacin bautar ƙasa Kuros Riba aka tura ni, kowa a gida ya ce a nemi canji, na ƙi, kuma ban taɓa yin shekara mai daɗinta ba. Da na dawo na koyar a wata makarantar kuɗi, zango biyu na ji kamar an ɗaure ni, na ajiye. Na fara haɗa turaren wuta, na bari. Na koyi kek, na bari. Yanzu leshi da atamfa nake sarowa, har Legas nake zuwa a motar dare, kuma tsakani da Allah ba ribar ce ke kai ni ba, tafiyar ce. In na yi sati biyu ba wani abu sabo sai in ji ƙirjina ya cushe.

Amma Anti, ni ɗin dai ce ba na iya jure ƙarar janareto, ko fitila mai haske sosai, ko ƙamshi mai ƙarfi, abin da ya raba ni da turaren wuta ke nan. In mutum ya ɗaure min fuska sai in kwana ina juya abin a raina. In aka daka wa yaro tsawa a gabana, ni ce mai hawaye. Bikin aminiyata da aka yi kwanan baya ni na fitar da anko, ni na shirya kamu, ni ce gaba-gaba wajen dina, amma ranar kai amarya ina ɗaki na kashe waya na saki labule, ko sallama ba na son amsawa. Har yau fushi take yi da ni.

Mama ta ce shafar aljanu ce, har an yi min ruƙiyya. Yayata ta ce iskanci ne kawai da rashin alƙibla. Yanzu ga abu biyu a gabana. Wani bawan Allah ma'aikacin gwamnati, mai natsuwa, daga ofis sai masallaci sai gida, yana so ya turo magabatansa. Sannan wata ƙungiyar agaji ta ba ni aikin shekara ɗaya mai yawan tafiye-tafiye a arewa maso gabas. Ina tsoron auren ya shaƙe ni, ina tsoron aikin ya kwantar da ni. Wace ce ni ta gaskiya a cikin biyun? Ko ciwo ne da ni?

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Duk biyun ke ce. Wadda ta ƙi neman canji daga Kuros Riba da wadda ta saki labule ranar kai amarya mutum ɗaya ce, babu ta bogi a cikinsu da za a kora don ɗayar ta zauna lafiya. Abin da ya rikita ki, ya rikita mutanen gidanku, shi ne mun saba auna mutum a kan layi ɗaya. A wancan bakin ga mai kunya, 'yar ɗaki. A wannan bakin ga mai rawar kai, idonta a tsakar ka. In aka ce kina kusa da ɗaya, to dole kin yi nisa da ɗayan. Masana halayyar ɗan Adam da suka daɗe suna auna waɗannan abubuwa sun gano ma'aunin biyu ne, kowanne yana zaman kansa, kuma mutum zai iya cika su duka.

Na farko shi ne ƙishirwar sabon abu. Wanda ya yi fice a bincikenta wani Ba'amurke ne, Marvin Zuckerman, da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware. Ya faro ne daga wani gwaji da ake yayi a zamaninsa, inda ake kwantar da mutum a ɗakin da ba haske ba motsi na tsawon sa'o'i a ga yadda zai yi. Wasu su sha kwanciyarsu, wasu kuwa tun ba a je ko'ina ba sun fara mutsu-mutsu suna neman a buɗe ƙofa. A 1964 ya fitar da jerin tambayoyin auna wannan bambanci, daga baya ya nuna ƙishirwar kala huɗu ce. Akwai mai son kasadar jiki, irin masu tsere da babur ko dirowa daga jirgin sama da lema. Akwai mai son gani da sani: baƙon gari, baƙon harshe, abincin da bai taɓa kai wa baki ba. Akwai mai son holewa da ƙetare iyaka, nan ne shaye-shaye da caca suke shigowa. Sai mai saurin gundura, wanda maimaita abu ɗaya ke ci wa rai. Ba lallai mutum ya haɗa duka huɗun ba. A wasiƙarki ta biyu da ta huɗu na gani. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna fiye da rabin bambancin mutane a wannan hali gado ne, don haka ba tarbiyya Mama ta gaza ba. Yakan kai ƙololuwa daga ƙarshen ƙuruciya zuwa farkon shekaru ashirin, sannan ya riƙa sauka a hankali. Ba ya gushewa, amma a shekara 40 ba zai riƙa tsikarinki kamar yau ba.

Na biyu shi ne kaifin ji. Sunan da aka fi sani a nan shi ne Elaine Aron, ita ma Ba'amurkiya, wadda ta fitar da littafi a kan masu wannan hali a 1996, a 1997 kuma ita da mijinta Arthur Aron suka wallafa bincikensu tare da tambayoyi 27 na auna shi. A ƙiyasinta mutum 15 zuwa 20 cikin 100 haka suke. Ba wai kunnensu ko hancinsu ya fi na kowa lafiya ba ne, ƙwaƙwalwarsu ce ba ta zubar da abin da ya shigo. Wata za ta shiga ɗakin biki ta ga amarya da ƙawaye, shi ke nan. Ke za ki ga amarya, ki ga uwar ango ta ɗan sha kunu, ki ji humra kala uku sun cakuɗe, ki ji lasifika ɗaya tana ƙugi, ki lura da yarinyar da aka tasa daga kujera. Duk wannan aiki ne, kuma yana gajiyarwa ko da mutum a zaune yake. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya ga makamancin haka tun a jarirai 'yan wata huɗu: kusan ɗaya cikin biyar, in aka kaɗa musu baƙon abin wasa a gaban ido ko aka kawo baƙon wari kusa da hancinsu, sai su bankare suna harbin iska suna kuka, alhali wasu ko a jikinsu.

Kada dai ki ɗauki wannan suna ki mayar da shi sarauta. Ba cuta ba ce da likita zai rubuta a kati, kuma masana har gobe suna jayayya ko hali ne mai zaman kansa, ko kuwa halayen da aka riga aka sani ne, kamar saurin damuwa, aka sake wa suna. Tambayoyin ma mutum ne ke amsa wa kansa, kuma wa zai ƙi a ce shi mai zurfin tunani ne? Amfanin da nake gani a ciki shi ne ya ba ki bayanin da ya fi na Yayarki kusa da gaskiya, ya kuma nuna miki inda gyara yake.

Yadda biyun suke zama a jiki ɗaya, wani masani ɗan Birtaniya, Jeffrey Gray, ya buɗe hanyar fahimtarsa tun wajen 1970. Ya ce akwai tsari biyu a ƙwaƙwalwa: ɗaya yana tura mutum wajen abin da yake hangen zai ji daɗinsa, ɗaya yana tsayar da shi ya duba ko akwai haɗari. Totur da birki ke nan. A wajen wasu mutane ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, sai a san su da hali guda. Ke duka biyun masu kyau aka saka miki, sai dai tuƙin ne da saura: kina taka totur har ƙasa kwana huɗu a jere, ba ki taɓa birki ba, sai shi birkin ya kama da kansa a tsakiyar titi, a ranar da aka fi bukatarki. Tazarar da ke tsakanin inda kike gundura da inda abu ke yi miki yawa ƙarama ce ƙwarai, ta fi ta Yayarki ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ita za ta iya yin wata guda a gida ba ta ƙosa ba, ta kuma yi sati a gidan biki ba ta jigata ba. Don haka ne ta kasa yarda cewa ba da gangan kike yi ba.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna miki fiye da komai. Sabon abu daban, abu mai ƙarfi daban, kuma kin daɗe kina sayen na biyun a madadin na farko. Ki tambayi kanki me kika gani sabo a wajen dina. Mai kiɗan da kika sani, waƙoƙin da aka saka a bikin watan jiya, liƙi iri ɗaya, shinkafa iri ɗaya. Babu abin da ya shayar da ƙishirwarki a wurin, hayaniya ce da haske da turare, wato ainihin abubuwan da jikinki ke biya da tsada. Motar dare ma haka. Tafiyar sama da kilomita 800, ba barci, ga fargabar hanyoyinmu, kuma duk garuruwan da kike ratsawa a cikin duhu kike wuce su, ba ki ga komai ba. Sabon abin yana can cikin kasuwar Balogun ta Legas, ke kuwa kina isa ne bayan ƙarfinki ya ƙare a hanya. Kuros Riba fa? Ina kyautata zaton abin da ya riƙe ki a can harshen da ba ki sani ba ne, da miyar afang, da daji, da ruwan saman da ba ya gajiya, da mutanen da ke kallon duniya ta wata fuska. Yawancin wannan ba shi da ƙara. Shekara guda kika yi a cikinsa, kuma ba ki ce min kin kwanta ba.

To ki nemi irinsa da gangan, kada ki jira sai ƙirji ya cushe sannan ki faɗa motar farko da ta tsaya. Kina Zariya, ki tara ƙannenki ku hau dutsen Kufena da sassafe kafin rana ta buɗe. In kin shiga Kano saro kaya a Kantin Kwari, ki ware rabin yini ki je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, ki zauna ki ga yadda ake ɗaure zane kafin a tsoma shi a baba. Mai sayar da tufafi ba ta yi asarar wannan yinin ba. Gidan Makama yana nan kusa. In hali ya yi, ku haɗa kuɗi da 'yan uwa ku je Yankari a tsakiyar mako lokacin da ba cunkoso, ki sa ƙafa a ruwan Wikki da ke nan da ɗuminsa wajen digiri 31 rani da damina. Ki ɗauki wani harshe, Fulatanci ko Larabci ko Faransanci, don harshe ba ya ƙarewa balle ya gundure ki. Legas kuma ki bi motar safe, ki kwana wajen 'yan uwa ko abokan ciniki da gidanku ya sani, ki shiga kasuwa da ƙarfinki. Zai ci miki ƙarin kwana ɗaya, amma ai ya fi ki dawo ki yi kwana biyu a kwance.

Batun sana'a ba zan haɗa su duka in yanke musu hukunci ɗaya ba. Barin turaren wuta daidai ne, hancinki ba na wannan aikin ba ne. Kek da koyarwa kuwa ina zargin kin bar su ne a daidai lokacin da koyo ya ƙare, maimaici ya fara, kuma kowace sana'a a duniya tana da wannan lokacin. In kika ci gaba da tashi duk sanda ya zo, za ki kai shekara 35 kin iya farkon abu goma, babu wanda ya ciyar da ke. Ki tsayar da ɗaya ta zama ginshiƙi. Tufafi sun dace da ke, don yayi yana canjawa, akwai tafiya, akwai ido, kuma irin idonki mai ganin bambancin shuɗi da shuɗi jari ne a wannan kasuwar. Sauran sha'awoyin ki ba su wani ɗan kaso na ribarki da kika yanke tun farko, wanda in ya ƙone ba zai taɓa uwar kuɗi ba. Ki gwada duk abin da ranki ya so a cikin wannan kason, ki bari in kin gaji, ba wanda kika ci wa bashi.

Sai hutu, wanda shi ne ya fi wuya a gidajenmu. A gidan Bahaushe in mace ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, an gama fassara: ko fushi take, ko ba ta da lafiya, ko girman kai ya motsa. Ba ki da ikon canja wannan a rana ɗaya, amma kina da ikon sanarwa kafin, maimakon a neme ki a rasa. Ki samu Mama ranar da kike cikin walwala, ba ranar da kike kwance ba, ki ce mata in kin dawo daga taro ko tafiya kina bukatar awa biyu ba magana, kuma in kika samu za ki fito ki kama aiki. Sannan ki cika alkawarin fitowar, don da shi za ta gane ba lalaci ba ne. In ta ga kamar baƙon abu kika kawo, ai Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Amr, da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka yana da haƙƙi a kanka. In an faɗi haka a kan ibada, ina ga biki?

Hutun kuma ya zama hutu. Kwanciya a duhu kina jan TikTok ba hutu ba ne, wani taron ne kika shigar cikin ɗakin. Ki kula da shayi da kofi da goro da lemon gwangwani masu sa kuzari, don sinadarin da ke cikinsu rabinsa yana nan a jini bayan kamar awa biyar, kofin la'asar yana iya hana ki barcin sha ɗaya. Kada ki shiga taro da yunwa. Abin toshe kunne na soso ana samunsa a manyan kemis, kuɗinsa kaɗan ne, ɗankwali yana rufe shi, ba wanda zai sani. Biki kuma, tun ranar da aka kawo kati ki zaɓi zama biyu da za ki halarta da dukkan zuciyarki, ki faɗa wa mai bikin, ki tanadi yadda za ki koma gida ba sai kin jira motar ƙawaye ba.

Wannan ya kawo mu kan aminiyarki, kuma a nan ba na bayanki. Tana da gaskiya. Ranar kai amarya ita ce ranar da yarinya ke waige-waige tana neman fuskar da ta sani, ke kuwa kin ƙarar da kanki a kan anko da dina, abin da kowace ƙawa za ta iya yi, kika rasa ranar da ba mai maye gurbinki. Halinki ya bayyana dalilin, bai goge laifin ba. Ki shirya ki je gidanta da ɗan abin hannu, ki ce kin yi kuskure, ki bar bayanin ƙwaƙwalwa sai in ita ta tambaya.

Kin tambaya ko ciwo ne. Abin da kika zayyana, gajiyar da ke da sanadi a fili kuma ta wuce bayan kwana ɗaya ko biyu, bai yi kama da ciwo ba. Amma ni takarda nake karantawa, ba ganinki na yi ba, don haka ki duba waɗannan da gaskiya. Kin taɓa yin kwana huɗu ko fiye kina barcin awa biyu ko uku kuma ba ki jin gajiya, bakinki ba ya tsayawa, kina kashe jari ba lissafi, kina jin babu abin da zai gagare ki? Wannan ba ƙishirwar sabon abu ba ce, yana iya zama ciwon sauyin yanayi da likitoci ke kira baifola, kuma yana da magani. Kin taɓa yin sati biyu cur cikin ƙunci, abin da kike so ya daina yi miki daɗi, abinci da barci suka rikice? Wannan alamar ciwon damuwa ce, in kuma har tunanin mutuwa ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana ba ki faɗa wa wani ba. Gudun haske da ƙamshi in yana zuwa da sarawar kai gefe ɗaya da tashin zuciya, ciwon ɓarin kai ne, maganinsa daban. Ƙarancin jini ma yana kwantar da mace ta rasa dalili, gwajinsa kuwa mai sauƙi ne. In ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa ki, asibitin koyarwa na Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba shelar hauka ba ce.

Ruƙiyya kuwa kada ki yi jayayya da Mama a kanta, tsoro ne da ƙauna suka sa ta. Karatun Alƙur'ani da addu'a ba su cutar da kowa. Abin da ba za ki yarda da shi ba shi ne duka, ko shaƙa miki hayaƙi, ko a ce kada ki ga likita. Akwai kuma wata ƙofa da nake roƙonki kada ki leƙa. Masu irin halinki su ne ƙawa ke miƙa wa ƙwaya ɗaya don su iya tsayuwar biki, da wata don su samu barci bayansa. Mata da yawa da suka faɗa shan kodin, har gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, ba daga holewa suka fara ba, daga neman kai ya yi shiru suka fara.

Kafin mu zo kan manyan biyun, ki kafa wa kanki doka: ba ki cewa eh ranar da kike cikin ɗoki, ba ki cewa na fasa ranar da kike a gajiye. Duk biyun ba ranakun yanke shawara ba ne. Ki bar magana ta kwana uku, ki yi istihara, ki ga ko tana nan yadda take.

Akwai wani bincike da ya shafi aikin da auren gaba ɗaya. Jay Belsky da Michael Pluess sun tattara hujjoji a 2009 cewa masu kaifin ji ba saurin cutuwa kaɗai suke da shi ba. Mummunan wuri ya fi yi musu illa fiye da sauran mutane, kyakkyawan wuri kuma ya fi yi musu amfani fiye da sauran mutane. Ma'anarsa a wajenki ita ce wanda za ki zauna a ƙarƙashinsa, shugaba ne ko miji, ya fi sunan aikin ko sunan auren muhimmanci.

Aikin agajin yana da abin da ranki ke so, kuma yana da wa'adi, wanda alheri ne ga mai saurin gundura. Amma ki san me za ki tarar. Sansanin 'yan gudun hijira ba wurin kallo ba ne. Wadda ke hawaye don an yi wa yaro tsawa za ta zauna gaban matar da aka kashe mijinta a idonta, yau da gobe da jibi. Irinku kun fi kowa iya sauraro, kun kuma fi kowa ɗaukar abin zuwa makwanci. Kafin ki sa hannu ki tambaye su dalla-dalla: kwana nawa a wata za ki yi a fili, nawa a ofis, ɗakin kwana naki ne ke kaɗai ko na haɗaka, yaya tsarin hutunsu, akwai wanda ma'aikaci ke zama da shi in abin da ya gani ya yi masa nauyi, ta wace hanya ake tafiya kuma wa ke yanke hukuncin tsaro. Ki nemi mace ɗaya da ta yi aiki da su ta ba ki labarin shugaban sashen. In amsoshin sun yi kyau kuma Baba ya amince, ni ina ganin ki je. In suka fara kame-kame a kan ɗakin kwana da hutu, ki bar musu aikinsu, wani zai zo.

Shi kuma bawan Allah, natsuwarsa ba ita ce abin tsoro ba. Gidan da ba hayaniya rabin lafiyarki ne, kuma masu irin halinki da suka bi namiji don yana da zafi da ban mamaki, da yawansu sun gane cewa abin da ke burgewa a zance shi ke hana barci a ɗaki. Abin da ba ki sani ba tukuna shi ne ko natsuwar tasa mai barin wani ya numfasa ce, ko kuwa irin wadda ke so kowa ya zauna inda ya zauna. Ba za ki san wannan da hasashe ba. Ki faɗa masa duka biyun kafin magabata su shigo: cewa za ki ci gaba da kasuwanci da tafiyar saro kaya, da cewa akwai ranakun da za ki bukaci shiru, ba don kina fushi da shi ko danginsa ba. Ki tambayi inda zai ajiye ki, don gidan gado mai sassa shida da baƙi ba dare ba rana zai fi zaman kaɗaici wahalar da ke. Abin da kuka daidaita a kai, musamman sana'a da tafiya, ya bi ta bakin waliyyinki a gaban nasa magabatan, kada ya tsaya a alkawarin zaure.

Sannan ki gaya masa maganar aikin, ki ji ko zai iya jiran shekara, ko a ɗaura a bar tarewa. Ba dole ya yarda ba, yana da haƙƙin ya ce ba zai iya ba, kuma wannan ba zai mayar da shi mugu ba. Ke dai ki saurari yadda zai amsa. In ya yi tambayoyi, ya nuna damuwa da tsaronki, ya kawo tasa shawarar ko da ta saɓa da taki, akwai wurin zama a wajensa. In ya yi dariya ya ce duk wannan yarinta ce, da kin shiga ɗaki za ki manta, to ki sanar da Baba kina bukatar ƙarin lokaci kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.

Antinki